Daga Sito Ɗaya a Kwari Zuwa Kwantena a Apapa: Yadda Ake Gina Kamfanin Dakon Kaya na Gida

Yawancin masu sha'awar wannan sana'a da tambaya ɗaya suke farawa: wace mota zan saya, DAF ko Howo? Tambayar ba ta da laifi, lokacinta ne bai yi ba. Abin da ke gaban mota shi ne kaya, wato mutanen da za su miƙa maka dukiyarsu, su juya su tafi gida su yi barci. Wanda ya sayi tirela kafin ya sami waɗannan mutane, a gefen titin Zariya zai jingine ta, tana cin kuɗin gadi, rana tana tsaga tayoyi, direba yana zuwa karɓar na abinci kullum safiya.

Kano ta san wannan tun zamanin fatake. Madugun da yake jan ayari zuwa Gwanja sayen goro ba shi ne mai duk jakunan ba. Jarinsa shi ne sanin hanya, da sanin inda za a ya da zango, da yardar da 'yan kasuwa suka yi masa. Alhassan Dantata da fataucin goro ya tashi, har ya riƙa ɗora shi a jirgin ruwa daga Akra zuwa Legas, sannan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 harkar gyaɗa ta buɗe, ya shige ta. Ya rasu a 1955, kasuwancin ya ci gaba a hannun 'ya'ya da jikoki. Sunayen da kake gani a jikin kwantenoni ma haka suka faro. Maersk uba da ɗa ne suka kafa shi a Denmak a 1904 da tsohon jirgi guda, kuma uban kyaftin ne da ya daɗe a teku. MSC, wanda ya zama mafi girma a dakon kwantena a 2022, Gianluigi Aponte ne ya fara shi a 1970 da jirgi ɗaya na hannu, shi ma kyaftin ne kafin nan. Jacques Saadé ya kafa CMA a Marseille ta Faransa a 1978, ɗansa Rodolphe ya karɓi ragama a 2017. Mutanen nan sun san kaya da masu kaya kafin su mallaki abin ɗauka.

Hanya ɗaya, kaya iri ɗaya

Kowace kasuwa a Kano da irin nata dakon. Kantin Kwari dila ce da bandir: atamfa, shadda, leshi, yadi. Kayan ba sa ruɓewa amma suna da tsada, kuma ruwa kaɗan ya isa ya lalata dila. Singa katan ne na kayan masarufi, masu nauyi, ribar dakonsu siririya, sai dai kullum akwai su. Dawanau buhu ne, riɗi da zoɓo da masara da waken suya, yawancinsu kudu suke nufa. Ƙofar Ruwa ƙarfe da kayan gini. Farm Centre da titin Beirut wayoyi ne, ƙananan kaya masu manyan kuɗi da suka fi son jirgin sama. Kayan gwari na Yankaba da na 'Yan Lemo kuwa, sabon shiga ya bar su tukuna, domin kwana ɗaya da mota za ta yi a lalace ya isa ya mai da lodin tumatir miya.

Ku zauna a gida ku duba inda kuka fi sanayya. Idan mahaifinku ya yi shekara 30 a Kwari, to dila za ku fara ɗauka, kuma zuwa gari ɗaya: Maiduguri, ko Yola, ko Sakkwato, ko Legas. Sharaɗin zaɓen garin shi ne a sami abin dawowa da shi, kuma a sami ɗan gida da zai tare can ya zauna. Kuɗin zuwa yawanci gas da direba da kuɗin hanya ne suke cinye shi, riba a lodin dawowa take. Shi ya sa hanyar Legas take da daɗi: a sauka da riɗi ko fata, a hauro da kayan tasha.

Masu hangen Nijar, ta Jibiya zuwa Maraɗi ko ta Maigatari zuwa Damagaram, su sa a ransu cewa boda ba ta da alƙawari. An rufe ta daga Agustan 2019 har Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Hanyar tana da riba, amma kada ta zama ita kaɗai ce abincinku.

Sito, sikeli da littafi

Farkon kamfanin shi ne haɗa kaya: a karɓi dila 5 daga wannan, katan 20 daga wancan, har a cika mota, sannan a ɗauko hayar motar wani. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. Sito kusa da kasuwa wanda babbar mota za ta iya tsayawa a bakinsa, kuma rufinsa ba ya yoyo. Katako a ƙasa domin kada kaya su taɓa siminti. Sikeli mai ɗaukar kilo 300 ko 500, da tef na awo, da maka baƙa, da tampol, da abin kashe gobara. A ziyarci siton ranar da aka yi ruwan sama kafin a biya haya, kuma a tambayi maƙwabta lokutan da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Kano, take barin manyan motoci su shiga layin, domin siton da tirela ba ta isa gare shi sai an yi jigila da a-kori-kura ya ƙara muku kuɗin 'yan dako sau biyu.

Zuciyar aikin ita ce wayabil, wato takardar shaidar karɓar kaya. A buga ta da lambobi a jere, kwafi 3: ɗaya ga mai kaya, ɗaya ta bi mota, ɗaya ta zauna a littafi. A rubuta sunan mai aikawa da mai karɓa da lambobin wayarsu, yawan ƙunshi, nauyi, irin kayan, kimar da mai kayan ya faɗa da bakinsa, da ko an biya ko sai an sauke. Lambar wayabil ɗin a rubuta ta a jikin kowane ƙunshi ta ɓangare biyu, tare da lissafin ƙunshin: 1/12, 2/12, har 12/12. Wannan ɗan rubutu ne yake sa a gane an rasa katan tun a bakin mota, ba bayan mako biyu ba. Katan da ya zo a yage ko dila da ta zo a jiƙe, a rubuta haka a gaban mai ita, a ɗauki hoto. Idan ba a rubuta ba, ranar sauke kaya laifin naku ne.

Kimar kaya ita ce wurin da ake yawan rigima. Mutum zai kawo katan ya ce takalma ne don ya biya kaɗan, ranar da ya ɓata ya ce wayoyi ne. A buga a bayan wayabil cewa diyya ba za ta wuce kimar da aka rubuta ba, kuma a karanta masa da baki. Kayan da ba ku sani ba, a buɗe. Alhaji ne, surukinku ne, a buɗe. Katan ɗaya na ƙwaya ko maganin da ba shi da rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ya isa ya sa a tsare mota da direba da kayan mutum 40.

Wajen hayar mota, kada a tsaya ga maganar ɗan kamasho kawai. A ga takardun motar, a gwada lambar shasi da ta takarda, a ɗauki hoton direba da lasisinsa, a sami lambar mai motar a kira shi, a san reshen ƙungiyar da ya tsaya masa, NARTO ta masu motoci ko NURTW ta direbobi. Satar lodi gaba ɗaya kusan kullum da mota mai lambar bogi ake yin ta, wadda ta zo da araha fiye da kowa. Ana ba da kaso na kuɗin haya a matsayin kafin alƙalami don a sha gas, balas kuma sai an sauke an ƙirga.

Lodi kansa ilimi ne. Mai nauyi a ƙasa, kuma a baza shi bisa tsawon bodi, kada a tara shi gaba ko baya. Sabulu, omo, turare, fenti da maganin ƙwari ba sa kwana kusa da fulawa, madara, shinkafa ko ganyen shayi, saboda abinci yana shan wari ko da katan bai fashe ba. Jarkokin mai a tsaye, a ƙasa, nesa da dila. Da damina tampol biyu ake sawa, na gaba ya hau kan na baya yadda iska ba za ta cusa ruwa ta tsakani ba. Lodin tirela da aka saba da shi buhu 600 ne mai kilo 50, wato tan 30. Duk abin da aka ɗora a kan haka ana ganin kuɗinsa yau, sai a biya shi gobe a taya da sifirin da birki.

Rajista da inshora

Da zarar mota ta fara tashi a kai a kai, a je CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Mutane da yawa sunan kasuwanci kawai suke yi wa rajista saboda ya fi sauƙi, amma ga kamfanin gida wannan gajeren tunani ne. A idon doka sunan kasuwanci da mai shi abu ɗaya ne: bashin kamfani bashinsa ne, ranar da ya rasu kuma asusu ya tsaya. Kamfani mai hannun jari, wato limited, shi yana tsaye da ƙafarsa, yana mallakar mota da sito da sunansa, kuma kowa a gida an san kason da yake da shi. A karɓi lambar haraji, a buɗe asusun kamfani, a hana kwastoma tura kuɗi asusun yaron shago komai gaggawa.

Inshora iri biyu ce, ana yawan cakuɗa su. Ta dole da kowace mota take yawo da ita, ɓarnar da motar ta yi wa wani take biya, ba ta san da kayan da ke bodi ba. Ta kayan da ke kan hanya daban ake sayenta. A karanta sharuɗɗanta da kyau, domin a nan ake ɓoye abubuwan da ba a biya: lodin da ya wuce ƙima, motar da aka bari ba mai gadi, wani lokaci har tafiyar dare ko tarzoma. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful. Yana da kyau kuma a zauna da malami a ji hukuncin ɗan dako. A mazhabar Malikiyya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta ba da sakacinsa ba, amma an ware mai dakon abinci, shi ana lamuntar da shi. Masu ɗaukar kayan Singa da Dawanau su lura da wannan.

Motar farko

Lokacinta ya yi idan kun shafe aƙalla wata 6 kuna cika motar haya kowane mako, zuwa da dawowa, kuma littafi ya nuna haka, ba ƙwaƙwalwa ba. Ko a lokacin ma, kada kuɗin motar ya cinye jarin juyawa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: motar da aka saya da kuɗin ƙarshe, tayar farko da ta fashe a Mokwa za ta zaunar da ita. Masu neman tallafin banki ba tare da kuɗin ruwa ba suna iya duba tsarin ijara ko murabaha a bankuna irin su Jaiz da TAJ, amma a lissafa biyan wata da lodin watan da kasuwa ta fi mutuwa, ba na gab da salla ba.

Zaɓen iri ya danganta da bakaniken da kuke da shi da kayan gyaran da ake samu a hanyarku. Motar da duk garin da ta tsaya akwai mai gyaranta ta fi wadda ta fi ta kyau amma sai an aika Legas neman fam. Idan ta hannu ce, a je da bakanike naku, ba na mai sayarwa ba, kuma a tarar da injin da sanyi. A tayar, a buɗe murfin baƙin mai: hayaƙi mai ƙarfi yana bugowa alamar ringi ya gaji. A leƙa lagireto, idan akwai maiƙo a ruwan to gasket ko kan injin ya taɓu. A bar iska ta cika, a kashe motar, a zuba wa agogon iska ido. Idan allura tana sauka, birki yana yoyo. A bi shasi da fitila ana neman walda da sabon fenti, a duba tantebur inda kai yake riƙe bodi. A jikin kowace taya akwai lambobi 4 na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2423 na nufin mako na 24 a 2023. Sannan takardar kwastan ta motar. Babu ita, babu ciniki.

Lissafin tafiya a nan ake yaudarar kai. Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, tirela mai lodi kuma takan yi kilomita 2 zuwa 2 da rabi a lita, wato lita 400 zuwa 500 a zuwa kawai. Ku auna taku: a cika tanki a Kano, a cika a Legas, a rubuta, a yi haka sau 5, kun sami ma'aunin da za ku riƙa ba direba. Bayan gas akwai alawus ɗin direba da yaron mota, kuɗin ƙungiya, kuɗin hanya, lodi da sauke. Abin da ya rage ba riba ba ne tukuna. A cire kason taya, kason juyen baƙin mai da filta, kason takardu da inshora, da kason da za a tara don sayen wata motar ranar da wannan ta tsufa, a zuba su a asusu daban. Gidaje da yawa sun yi shekara 4 suna cin motarsu da kansu suna zaton riba suke ci, sai da injin ya buga aka ga babu ko kuɗin buɗe shi. Da hunturu a riƙa bushe filtar iska kowace tafiya, ƙurar Kano ba ta da tausayi.

Direban tirela lasisi ajin G ya kamata ya riƙe. A biya shi albashi da kuma lada na kowace tafiyar da ya sauke lafiya a kan lokaci, domin direban da aka matse, gas zai sayar ko ya ɗora fasinja a kan kaya. A sa na'urar bin sawu, a kuma tsayar da wuraren kwana tun daga gida, irin su Mararrabar Jos, Tafa da Ogere. Zaɓen hanya, ta Birnin Gwari ko ta Bida ko ta Lakwaja, ofis ne zai yanke bisa labarin tsaro na wannan makon, ba direba ba. Idan motoci suka kai 5, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana buƙatar ku yi rajista a matsayin masu ayarin motoci, ku kuma naɗa jami'in kula da lafiyar tuƙi.

Shiga teku

Kamfanin Kano ba jirgi zai saya ba, gurbi zai saya a jirgi ya sayar da shi gutsure-gutsure. 'Yan kasuwarku da suke sayayya a Guangzhou ko Yiwu ko Dubai suna kai kaya siton wakilinku a can, a haɗa a cika kwantena, ku karɓa a Legas ku hauro da ita. Wakilin nan ya fi kyau ya zama ɗan gida da zai zauna can, ko wanda aka gwada da ƙananan kaya aka ga ƙarshensa.

A teku da awon girma ake ciniki, wato CBM, kubik mita. Tsawo sau faɗi sau tsayi, da mita. Katan mai santimita 60 da 40 da 50 ya zama 0.12, guda 100 sun zama CBM 12. Kwantena mai ƙafa 20 tana da kusan 33 a takarda, mai ƙafa 40 kusan 67, doguwar 40 ɗin kuma kusan 76. Amma katan ba ruwa ba ne, ba ya cika kowane lungu: a aikace 28 ake samu a ƙaramar, kusan 68 a doguwar. Wanda ya sayar da gurbin 76 zai bar kayan mutane a sito yana ba da haƙuri. Kuma in za a fitar da farashin CBM ɗaya, a tara duk kuɗin kwantenar tun daga lodi har sauke a Kano, a raba da 60, ba 68 ba, saboda ba kowace ce za ta cika ba. Kaya masu nauyi irin tayil da batir da ƙarfe ƙaramar kwantena ake sa su, domin suna kai iyakar nauyi, wajen tan 28, kafin su kai rabin tsayi. Su da nauyi ake yi musu farashi. Tun Yulin 2016 dole ne a ba kamfanin jirgi tabbataccen nauyin kwantena kafin a ɗora ta.

Jirgin sama kilo yake sayarwa, amma yana da nasa wayon. Ana ninka santimitocin a raba da 6,000, a gwada da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa shi ake biya. Katan ɗin nan na sama ya zama kilo 20 ko da sikeli ya ce 12. A bayyana wa kwastoma wannan tun kafin kaya su tashi. Batiran waya da fawa-banki da turare suna cikin kaya masu haɗari, ba a cusa su cikin sauran kaya a ɓoye.

Takardu suna da jeri, kuma saɓa jerin ne yake jawo asara. Fom M, takardar bayyana kayan da za a shigo da su, ake buɗewa ta banki kafin a yi lodi. Kayan da ke ƙarƙashin SON, hukumar kula da ingancin kaya, sai da shaidarta ta SONCAP, abinci da magani da kayan shafa sai da NAFDAC. Bayan jirgi ya tashi, takardar lodin jirgi da rasit da jerin kaya su je banki, kwastan su fitar da PAAR, wato takardar ƙiyasin haraji, a biya harajin. Harajin yana bin lambar rukunin kaya, kashi 0, 5, 10, 20 ko 35 cikin 100 na kimar kaya haɗe da kuɗin jirgi da inshora, ga VAT na kashi 7.5 da wasu ƙananan caji. Jirgi daga Sin yakan ɗauki wata ɗaya da rabi zuwa biyu, wannan lokacin na gama takardu ne, ba na jira ba. Fitar da kaya sai ejen mai lasisin kwastan, ku kuma ku yi rajista da CRFFN, majalisar da dokar 2007 ta kafa don kula da masu wannan sana'a. Ejen da ya ce zai fitar da kwantena da rabin abin da kowa yake biya, rubuta kayan zai yi da wani suna. Ta fita daga tashar Apapa ta Legas lafiya, sai jami'an kwastan na kan hanya su tare ta kafin Ibadan, kuma kayan mutum 30 ne a ciki.

Agogo biyu ne suke gudu da zarar an sauke kwantena: kuɗin ajiya na tasha, da dimarej, wato kuɗin jinkiri na kamfanin jirgi, wanda ba ya tsayawa sai an mai da kwantenar babu kaya. Ga mutumin Kano wannan babban abu ne, domin kai ta Kano da dawo da ita ya kusa cin mako biyu. Mafita uku ce: a nemi ƙarin kwanakin kyauta tun lokacin kama gurbi, ko a juye kayan cikin tirela a Legas a mai da kwantenar nan take, ko a bi ta tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki a Kumbotso, wadda aka buɗe a Janairun 2023. Mai son ta ukun sai an rubuta tashar a takardar lodi tun daga can a matsayin inda kaya za su sauka. Motar da za ta shiga Apapa ko Tin Can kuma sai da tikitin Eto, tsarin kiran motoci da aka fara a 2021, don haka kada a ɗauki motar da ba ta cikinsa.

Fitar da kaya ya fi sauƙin haraji amma ya fi tsanani wajen inganci. Ana buƙatar rajistar NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, da fom NXP na bayyana kayan da za a fitar, da shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS. Riɗi wajen tan 19 yake shiga ƙaramar kwantena, zoɓo kuma da yake ba shi da nauyi babbar yake so. A duba kwantena daga ciki a rufe ƙofa, in an ga haske to ruwa zai shiga. A shimfiɗa takarda a bango, a rataya buhunan tsotse danshi, saboda kwantena tana gumi a teku ya ɗigo kan buhu. Maganin ƙwari kuma a bar wa masu lasisi: yawan fiya-fiya ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015.

Gida da kamfani

Ƙarfin kamfanin gida shi ne akwai wanda za a tura Legas a ba shi kwantena ba tare da fargaba ba. Rauninsa kuma shi ne ba a iya tambayar Yaya ina rasit. Maganin abin a raba aiki tun ana shiri: mai karɓar kaya daban, mai riƙe kuɗi daban, kuma fitar da babban kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Kowa a yanka masa albashi, har Baba. Cefane da kuɗin makaranta da gudummawar biki daga albashi ko rabon ribar ƙarshen shekara suke fita, ba daga aljihun lodi ba. Kayan Kawu a yi musu wayabil kamar na kowa. In za a yi masa ragi, a rubuta ragin. A sa iyakar bashi ga kowane kwastoma, kuma ƙa'idar a biya kafin a ɗauka ta hau kan kowa. Ranar Juma'a ko Asabar a zauna a gwada littafin wayabil da abin da ya shiga banki. Wajen zakka, motoci da sito kayan aiki ne, lissafin yana kan kuɗin da ke hannu da bashin da ake sa ran karɓa, kashi 2.5 cikin 100.

A kuma amince tun yanzu da wani dattijo daga waje, aminin mahaifi ko malamin gida, wanda zai yanke magana idan ɗan'uwa ya gaza a aikinsa. Korar ƙani ta fi korar bare wuya sau goma, gara a ce ba kai kaɗai ka yanke ba.

Sai maganar da ba a son yi, gado. Idan tireloli 3 da sito duk da sunan Baba suke, ranar rabo sai an sayar ko an yayyaga su: wannan ya ɗauki kai, wancan ya ɗauki bodi, kwastomomi su watse. Idan kuwa da sunan kamfani suke, hannun jarin mamaci ake kimantawa a raba yadda shari'a ta tsara, tumuni ga mata idan akwai 'ya'ya, namiji rabon mata biyu, motoci kuma suna kan hanya. 'Yan'uwa mata da ba sa zuwa ofis masu kamfani ne su ma, a riƙa nuna musu lissafi ana ba su ribarsu a kan lokaci. A rubuta a dokokin kamfani cewa mai son sayar da kasonsa zai fara tallata wa 'yan gida, da yadda za a yi kimar.

Ɗan da ya yi shekara 20 yana bin mota yana kwana a Apapa ba shi da ƙarin kaso a gado saboda wahalarsa, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. In ana son a saka masa, to albashi ne mai kyau tun yanzu, ko a sayar masa da kaso, ko a ba shi kyauta uban yana da lafiya, da shaidu, a sauya sunan a CAC ya karɓa a hannunsa. Lambar wayar da ke kan wayabil ta zama ta kamfani, ba layin Baba ba. Kuma tun yana da ƙarfin zagaya kasuwa, ya riƙa ɗaukar wanda zai gaje kujerar suna bin Kwari da Singa shago-shago, a gaisa, a ce ga wane, daga yau shi za ku riƙa kira in kaya sun yi jinkiri.